Yadda Ake Bin Hanyar Daji a Kan Doki da Na'urar GPS ta Hannu

Mahaya sun yi ta aiko mana da tambaya iri ɗaya: an sayi na'urar GPS ta hannu, ko an kawo wa mutum ita tsaraba, to yaya za a yi ta kai shi daji bisa doki ta kuma dawo da shi gida? Yawancin aikin a ƙasa ake yin sa, kafin a sa ƙafa a likkafa. Wanda ya bari sai ya hau sannan ya fara latse-latse, hannu ɗaya a linzami, ido a kan na'ura, ba zai daɗe ba reshe zai share shi ko doki ya yi tuntuɓe da shi.

Abubuwa uku za su yi ta fitowa a bayanin nan. Alama ita ce wuri ɗaya da ka adana da suna, kamar barga ko rijiya. Sawu shi ne ɗige-ɗigen da na'ura ke ajiyewa a duk inda ka bi. Jerin zango kuma alamomi ne da ka jera domin a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da Turanci rubutun na'urar yake zuwa, don haka inda ya zama dole za mu ambaci sunan abu yadda za ka gan shi a fuskarta.

1. Zaɓi na'urar da ta dace da mahayi

Nemi mai maɓallai, ka bar mai fuskar shafawa. Gumi, ƙura, ruwan sama da safar hannu duk suna rikita fuskar shafawa, kuma dokin da ke motsi ba zai bar yatsanka ya sauka inda ka nufa ba. Abu na biyu, ta kasance tana da kamfas na lantarki. Wadda ba ta da shi ba ta sanin ina ka fuskanta sai kana tafiya. Da ka ja linzami ka tsaya a mararraba, wato daidai lokacin da kake buƙatar kibiyar, sai ta fara juye-juye.

A kayan kamfanin Garmin, waɗanda suka fi yawa a hannun mutane, eTrex 32x tana da kamfas da ma'aunin tudu, tana cin batir biyu samfurin AA, suna kai ta kimanin awa 25. Ƙanwarta eTrex 22x ta fi araha amma ba kamfas. eTrex SE tana iya kai awa 168 da batir biyu, sai dai fuskarta fari da baƙi ce, kuma ba ta ɗaukar cikakkiyar taswira. GPSMAP 65s ta fi riƙe sigina a kurmi da kwazazzabo, batirinta kimanin awa 16. Akwai kuma Foretrex da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda ke barin hannu biyu ga linzami, amma fuskarta ƙarama ce. A ganinmu, ga mai kilisar yini guda 32x ta wadatar. Wanda zai shiga tsaunuka irin na Mambila a Taraba, inda hazo ke rufe hanya ba sallama, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki GPSMAP.

Hattara: GPS karɓa kawai take yi, ba ta aikawa. Ba wanda zai ga inda kake ta dalilinta. Masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam su ne masu inReach, irin GPSMAP 67i, kuma sai da biyan kuɗin wata.

2. Kuɗi da kayan haɗi

Farashin da kamfani ya sa a Amurka a shekarar 2024 ya fara daga kimanin dala 150 ga eTrex SE, dala 200 ga 22x, dala 300 ga 32x, har dala 600 ga 67i.  Lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin jigila. In wadda aka taɓa amfani da ita za ka saya, buɗe murfin batir ka duba: in ka ga farin gari ko tsatsa a kan ƙarafan, batir ya taɓa zubewa a ciki, ka bar musu kayansu. Duba kuma robar da ke rufe kafar kebul, domin ita ke hana ruwa shiga.

Sauran kayan: batir masu caji samfurin NiMH guda 4 da cajarsu, memori ƙarami, kebul, jaka mai zif da za ta ɗauki na'urar, igiya gajera, kamfas na hannu mai allura, da taswirar hanyar a takarda cikin leda.

Hattara: batir ɗin nan mara nauyi da ake sayarwa a tire don rediyo da tocila ba ya ɗaukar GPS. Zai nuna cike da safe, kafin azahar ya mutu.

3. Saita ta a gida

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma daga nan yawancin ɓata ke farawa. Bi su a jere.

Na farko, gaya wa na'urar irin batirin da ka sa, alkalin ne, NiMH ne ko litiyam. In ba ka yi ba, ma'aunin batir zai riƙa yi maka ƙarya. Na biyu, mayar da awon nisa zuwa mita da kilomita. Na uku, kunna tsarin taurarin ɗan'adam na GPS tare da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai in tana da shi. Taurari 4 ne mafi ƙarancin abin da take buƙata ta san inda kake, amma yawansu ke sa ta riƙe ka a ƙarƙashin itatuwa.

Na huɗu shi ne tsarin lambobin wuri. Zaɓi ɗaya, kuma duk abokan tafiya su zaɓi shi. Mafi sauƙin karantawa a waya shi ne digiri da ɗigo, wanda aka rubuta hddd.ddddd°, irin wanda Google Maps ke bayarwa. A wannan tsari lamba ta 5 bayan ɗigo kimanin mita 1 ce a ƙasa. Kuskuren da aka saba yi: a ba mutum 12.30 na digiri da ɗigo, shi kuma ya shigar da shi a wani tsarin mai raba digiri zuwa minti 60, a matsayin digiri 12 da minti 30. Tsakanin wuraren nan biyu akwai wajen kilomita 22, tafiyar awa 4 ke nan a kan doki.

Na biyar, datum, wato ma'aunin da aka ɗora taswira a kansa. Bar shi a WGS 84. Amma in da tsohuwar taswirar safiyo ta Nijeriya za ka yi aiki, duba gefenta: yawancinsu a kan datum na Minna aka zana su, kuma na'urar tana da Minna a jerinta. In ka haɗa lambobin wannan da saitin wancan, alamarka za ta goce da gomman mitoci, abin da ya isa ka wuce bakin turba a cikin ciyawa. 

Na shida, yadda za ta riƙa ajiye sawu. eTrex 22x da 32x ɗigo 10,000 suke ɗauka a sawu ɗaya. In ka ce ta ajiye ɗigo kowace daƙiƙa, za ta cika kafin awa 3. Kowace daƙiƙa 5 zai kai ka kusan awa 14. Mu dai mun fi son a saita ta da nisa, ɗigo ɗaya kowace mita 10, wanda ke ɗaukar kilomita 100. Dalili kuwa, doki na yawan tsayawa, shan ruwa ne, kiwo ne, gyaran sirdi ne. Na'urar da aka saita da lokaci tana ci gaba da zuba ɗigo a wuri ɗaya har ya cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga, ya kuma ƙara maka nisan da ba ka yi ba.

A ƙarshe kashe duk wani ƙara, rage hasken fuska, ka sa ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 15. Hasken nan ne ya fi komai shan batir.

4. Zana hanyar kafin ranar

Taswirar da ke zuwa a cikin na'ura ba ta san turbar doki ba, musamman a karkarar Afirka. Ana iya sauke taswirar OpenStreetMap kyauta a sa ta a memori cikin folda mai suna Garmin, amma ita ma ƙauyuka da manyan hanyoyi ta fi sani. Don haka da kanka za ka zana.

Buɗe Google Earth a kwamfuta, ka bi turbar da ido a hoton sama kana ɗiga ta, kana ƙara ɗigo a kowace kwana. Adana, ka buɗe a manhajar BaseCamp ta Garmin, wadda kyauta ce, ka mayar da shi fayil ɗin GPX, wato irin fayil ɗin hanya da na'urar ke karantawa. Haɗa na'urar da kebul ka jefa fayil ɗin cikin folda GPX da ke cikin folda Garmin. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya zana hanyar a waya da manhajar OsmAnd, ita ma tana fitar da GPX.

Aika ta a matsayin sawu, kada ka aika jerin zango. Jerin zango layi miƙaƙƙe yake ja daga alama zuwa alama, ko kuma na'urar ta sake lissafi ta mayar da kai titin mota. Sawu kuwa yana nan yadda ka zana shi.

Sannan dasa alamomi: barga, kowace mararraba, mashigin rafi, mashaya, ƙauyen da za a iya kwana, da wurin da mota za ta iya isowa in doki ya yi rauni. Sunaye su zama gajeru masu faɗin abin yi, irin "M3 DAMA" (mararraba ta 3, bi dama) ko "RIJIYA 2", domin fuskar ba ta ɗaukar dogon suna. Ruwa ya fi komai muhimmanci a wannan lissafi: doki na shan lita 20 zuwa 40 a rana, a bazara ma ya zarce haka, don haka tazarar mashaya ce za ta yanke tsawon hanyar. Lissafa lokaci da tafiyar taku, kilomita 5 zuwa 6 a awa, ko da kana da niyyar sassarfa a wasu wurare.

Hattara: hoton sama na iya zama na shekarun baya, kuma sau da yawa na rani ne. Burtalin da ka gani a buɗe wataƙila gona ta cinye shi, fadamar da ta fito busasshiya kuma a watan Agusta doki zai nutse a cikinta har ciki. Tambayi manoma da makiyayan wurin. Batun tsaro ma haka: na'ura ba ta san dajin da ba a shiga ba. Sanar da mai unguwa ko dagaci, ka bar kwafin hanyar da lokacin dawowa a wurin wani a gida.

5. A jikinka za ka ɗaura ta

Ana sayar da jakunkunan gaban sirdi masu taga, suna da kyaun gani, kuma ba laifi a sa ruwa da batir a ciki. Na'urar dai a jikin mahayi take zama. In doki ya kayar da kai ya arce, shi ya san hanyar barga, kai ne za a bari a daji. In tana kan sirdi ta tafi tare da shi. Wayarka ma haka.

Wuri mafi kyau shi ne gaban kafaɗa, a kan maɗaurin jakar baya ko aljihun ƙirji mai zif, kanta na kallon sama. Masu eriya a tsaye irin GPSMAP sun fi kama sigina in suna tsaye. Kada ka sa ta a aljihun baya ko a ƙugu saitin ƙashin baya, domin in an faɗi a kanta za a sauka. Ɗaura mata igiyar da ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, a jikin maɗauri.

Hattara: kada ka rataya ta a wuya da igiya mai ƙarfi. Reshe ɗaya ya kama igiyar doki na tafiya, magana ta ƙare. Kuma in riga mai faɗi ka sa, tabbatar ba ta rufe kan na'urar tare da hannunka ba. Jikin mutum na tare sigina.

6. Sabar wa dokin

Kwana biyu ko uku a gida sun isa. Ciro ta, buɗe jakar, kunna haskenta a gefen kansa kana ƙasa, sannan ka maimaita kana kai, wani na riƙe da ragama. Jaka mai maɗaurin ƙaya-ƙaya da ke yin "ɓarrr" in an ɓalle ta tana firgita dawakai da yawa, shi ya sa muka ce mai zif.

7. Safiyar tafiya, kafin ka hau

Kunna ta a fili, nesa da rufin kwano da bango, ka ajiye ta tana kallon sama yayin da kake ɗaura sirdi. In ta yi watanni a kashe, ko an kawo ta daga wata ƙasa, ba ta minti 15. Cikakken jadawalin taurarin kansa minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya sauka. Duba shafin taurari: kada ka motsa sai kuskuren da take nunawa ya sauko mita 5 ko ƙasa da haka.

Daidaita kamfas. Za ta umarce ka ka jujjuya ta a hankali ta fuskoki uku. Yi wannan a tsaye a ƙasa, nesa da mota, likkafa da ƙarfen linzami, kuma ka sake duk lokacin da ka canza batir. Jakar waya mai maganaɗisu a kusa da ita ma tana karkatar da kibiyar.

Sannan, a jere: share tsohon sawu, mayar da ma'aunin tafiya sifili, dasa alamar wurin tashi, buɗe sawun da ka zana ka ba shi launi dabam da na wanda za ta riƙa ajiyewa. In ka manta share tsohon, za ta ja layi miƙe daga inda aka kashe ta jiya zuwa nan, kuma wannan layin zai ruɗe ka lokacin komowa. Leƙa shafin rana ka ga ƙarfe nawa za ta faɗi. A ƙasar Hausa duhu ba ya jinkiri bayan magariba, don haka tun yanzu yanke lokacin da za ka juya, ko an kai ko ba a kai ba.

8. A kan hanya

Ka'idar ɗaya ce: tsaya, sannan ka duba. Ja doki gefe, bar shi ya natsu, riƙe linzami a hannu ɗaya ba tare da ka naɗe shi a yatsu ba, ciro na'urar, duba, mayar, rufe zif, sannan ka ci gaba. Ba a duba ta a gangara, a cikin ruwa, ko ana sukuwa. In kuna da yawa, mai na'ura ya zama na biyu a layi, na gaba ya sa ido a ƙasa.

Kusanto da taswira har ma'aunin ƙasan fuska ya nuna mita 80 zuwa 120. In ka nisanta ta zuwa kilomita, turba biyu da suka rabu za su zama layi ɗaya. Saita ta yadda gabanka zai zama saman fuska, domin dama ta zama dama. Bayan kowace mararraba, yi tafiyar mita 50 ka sake dubawa. Nan ne ake kama kuskure tun yana ƙarami.

Kibiyar na'ura ba ta san rami ba. Tana nuna inda alama take a miƙe, ko da kwazazzabo, shingen waya ko gonar mutane na tsakani. In ƙasa ta saɓa wa na'ura, bi ƙasa. In doki ya toge a bakin laka ko mashigi, sauka ka duba da sanda kafin ka matsa masa, domin sau da yawa ya ji abin da ba ka gani ba. In ka kewaye, dasa alama a inda ka bar layin.

Dasa alamomi kana tafiya: rijiyar da ba ta cikin lissafi, gadar da ta karye, ramukan gara, wurin da waya ta samu sabis. Wannan na ƙarshen yana da rana. A GPSMAP maɓallin MARK ne. A eTrex 22x da 32x danna ɗan sandan ka riƙe. Karɓi lambar da ta bayar, ka gyara sunan a zango.

Hattara: a ƙarƙashin kurmi ko gindin dutse sigina na karo da bango ya dawo, sai na'ura ta nuna ka a mita 20 ko 30 daga inda kake. Kada ka bar turba bayyananniya saboda wannan. Gajimare da ƙurar hunturu ba sa hana ta aiki. Kuma kada ka ciro ta kana dasa alama kusa da barikin soja ko shingen jami'an tsaro.

9. In hanya ta ɓace

Tsaya, sauka, ɗaure dokin. Nisanta taswira har ka ga layi biyu, wanda ka zana da wanda ka taka, ka ga inda suka rabu. Kada ka yanke daji zuwa layin farko don ka ga tazarar kaɗan ce. Zaɓi TracBack, wanda ke mayar da kai bisa sawunka ɗigo bayan ɗigo. Ƙasar da kofato ya riga ya taka ita ce wadda ka tabbatar tana biyuwa.

In batir ya kusa mutuwa, adana sawu, kashe na'urar, canza batir, sake daidaita kamfas. In babu na canji, karanta kusurwa da nisan alamar da ke gaba, rubuta, kashe ta, ka bi da kamfas na hannu, kana kunna ta kowane minti 30. A yankinmu bambancin arewar kamfas da arewar taswira bai wuce digiri 1 ko 2 ba, ba zai ɓatar da kai a gajeriyar tafiya ba.

In taimako kake nema, tura lambobin wurin a rubuce ta saƙon waya maimakon karantawa da baki, ka haɗa da haruffan N (arewa) da E (gabas), ka faɗi tsarin da ka yi amfani da shi. Lambar gaggawa a Nijeriya 112 ce.

10. Bayan an sauka

Tsayar da sawu a ƙofar barga, kafin ka shiga mota ko ka hau babur, in ba haka ba tafiyar gida za ta shiga lissafin dokin. Adana shi da kwanan wata da sunan hanya, ka kwafe a kwamfuta ko waya. Goge kewaye-kewayen da aka yi bisa kuskure, ka ajiye tsabtataccen. Wannan sawun da aka taka ya fi wanda aka zana a hoto, shi za a bi a karo na gaba. Nisa da lokacin da ta nuna su ne za ka riƙa ƙara wa doki aiki da su sannu a hankali, mako bayan mako.

Kafin ka tura wa wani fayil ɗin, ko ka sa shi a dandalin WhatsApp, yanke kilomitar farko da ta ƙarshe, domin suna nuna ƙofar bargarka daidai. Goge na'urar da ɗanyen ƙyalle, bar murfin kebul a buɗe ya sha iska, kuma in za ta wuce mako 2 ba a taɓa ta ba, cire batir ɗin ka ajiye su dabam.